Asalin Yayin Kaka a Suturar Matan Turai da Kwalliyarsu

A ƙasashen Turai da Arewacin Amurka ana raba shekara gida huɗu, kuma zangon da ke kamawa daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba shi ne kakarsu, lokacin da zafi ke ja da baya, yini ke gajarta, ganyayen itatuwa ke rikiɗa zuwa ja da ruwan ɗorawa kafin su kaɗe, sannan hunturu mai dusar ƙanƙara ya biyo baya. Duk shekara idan wannan lokaci ya ƙarato, kantunan tufafi sukan kwashe riguna marasa nauyi su jera kwat-kwat na ulu da suwaita da dogayen takalman fata, masu sayar da kayan kwalliya su fito da jan baki da jan farce masu duhu, mujallu kuma su cika da bayanin abin da za a yi yayi da yadda ya kamata a sa shi. Sanyi ya isa ya bayyana dalilin da ya sa mace ke neman tufa mai kauri a watan Oktoba, amma bai isa ya bayyana dalilin da ya sa kwat ɗin bara, wanda bai yage ba bai koɗe ba, ya zama abin da ake jin nauyin fita da shi bana. Wannan ɓangare na biyu aikin mutane ne, kuma yana da tarihi na fiye da shekara 300 wanda fada da masaƙa da teloli da 'yan jarida da 'yan kasuwa suka haɗu suka gina.

Kafin ƙarni na 17 tufa mai tsada dukiya ce ta ajiya a Turai, ana rubuta ta a wasiyya, ana bayar da ita jingina, ana warware ɗinkinta a sake yi wa 'ya ko jika, kuma salo yakan daɗe bai sauya ba. Al'amarin ya fara juyawa ne a Faransa a zamanin Sarki Louis na 14, wanda ya hau karaga a 1643 ya rasu a 1715, da ministansa Jean-Baptiste Colbert, wanda ya zama babban mai kula da kuɗin ƙasa a 1665 da aniyar hana dukiyar Faransa zurarewa zuwa Italiya da sauran maƙwabta wajen sayen alharini da leshi da madubai. Colbert ya ɗora haraji mai nauyi a kan kayan waje, ya jawo gwanayen sana'a daga ƙetare, ya kuma tsara wa masaƙan alharini na birnin Lyon dokokin aiki a 1667. 'Yan kasuwar Lyon su ne suka gano dabarar da har yau ake tafiya a kanta: tun da masaƙan Ingila da Holan da Italiya suna iya kwaikwayon duk zanen da aka fitar, hanyar tsere musu ita ce a riƙa sauya zanen yadi kowace shekara, ta yadda kafin mai kwaikwayo ya sauke nasa daga masaƙa, masu kuɗi sun riga sun koma kan wani sabo. Daga nan tsufan yadi ya daina dogara da lalacewarsa, ya koma dogara da shekarar da aka saƙa shi. Fadar sarki kuwa ta ba wannan tsari ƙarfin al'ada, domin 'yan fada suna da ranakun sauya sutura: kayan sanyi, wato karan-miski da satin da gashin dabbobi, ana shiga su ranar 1 ga Nuwamba, kayan zafi na alharini mara nauyi kuma a lokacin idin Fentikos na Kirista, wanda kan faɗo a Mayu ko Yuni, ko da yanayin ranar bai dace da tufar ba.

Abin da fada ke sawa ba ya amfanar ɗan kasuwa sai labarinsa ya isa kunnen matan da ke nesa da fada. Jaridar Mercure Galant, wadda Jean Donneau de Visé ya kafa a 1672, ta buga a 1678 zane-zanen maza da mata cikin kayan kowane zango tare da sunayen masu sayar da su, kuma ana tura 'yan tsana sanye da sabon ɗinki zuwa fadoji har Landan da Rasha don teloli su kwaikwaya. Mata maɗinka na Paris sun samu izinin kafa ƙungiyarsu a 1675, kuma bayan shekara 100 Rose Bertin, mai yi wa Sarauniya Marie Antoinette ado, ta nuna cewa sunan mai ɗinki ma yana iya zama abin saye.

Wanda ya mayar da sauyin zango ya zama ginshiƙin sana'ar ɗinki ɗan Ingila ne, Charles Frederick Worth, wanda aka haifa a 1825, ya yi yaron shago a kantunan yadi na Landan da Paris kafin ya buɗe gidansa a titin Rue de la Paix a 1858. A da, mai kuɗi ita ke sayen yadinta ta kira tela gida ta faɗa masa abin da take so, amma Worth ya juya lamarin: shi ke ƙirƙiro saluka tun da wuri, ya ɗinka su, ya sa mata su sa su suna kai da kawowa a zaurensa, mai saye ta zaɓi wanda ya kwanta mata, a auna ta a ɗinka mata irinsa, sannan a maƙala sunan gidan a cikin rigar. Da Eugénie, matar Sarki Napoleon na 3, ta zama mai kai ɗinki wurinsa, matan fadojin Turai da na attajiran Amurka suka yi ca a kansa. A 1868 aka kafa ƙungiyar gidajen ɗinkin Paris, wadda daga baya ta zama mai tsaron abin da Faransawa ke kira haute couture, wato ɗinkin alfarma na hannu da ake yi wa mace ɗaya bisa awonta, kuma a farkon ƙarni na 20 nunin sababbin saluka ya tsaya a kan sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya a tsakiyarta. Nunin tsakiyar shekara, wanda ke ɗauke da kayan kaka da hunturu, shi ya fi tsoka, domin ulu da fata da gashin dabbobi sun fi auduga tsada, kuma a Satumba ne masu hali ke dawowa birni daga gidajensu na karkara da bakin teku su shiga zangon walima da wasannin dandali, inda kowa ke kallon abin da kowa ya sa. Ya kamata a yi wa wannan sana'a adalci, domin a bayan kowane suna mai ƙyalli akwai ɗakunan ɗinki guda biyu, na yadi mai laushi da na kwat, cike da mata waɗanda ke shafe ɗaruruwan sa'o'i a kan riga ɗaya da allura da zare, kuma gwanintarsu ce, ba hayaniyar talla ba, ta ba Paris sunan da take ci har yau.

Idan Faransa ce ta ba yayin kaka kalandarsa, Birtaniya ce ta ba shi kamanninsa. Tuwid, wato yadin ulu mai kaushi da kauri da ake saƙawa a Sikotland, asalinsa tufar makiyaya da masunta ne, amma ya shiga gidajen manya a ƙarni na 19 lokacin da attajirai suka ɗauki ɗabi'ar tafiya tsaunukan arewa farautar tsuntsaye daga ranar 12 ga Agusta, musamman bayan Sarauniya Victoria da mijinta sun mallaki gidan Balmoral a 1852. Maharbi yana buƙatar tufar da za ta kare shi daga yayyafi ta kuma saje da daji, don haka aka riƙa saƙa yadin da launin ƙasar da za a yi farauta a cikinta. A tsibirin Harris mata sukan kankare wani gansakuka da ke manne wa duwatsu, su jera shi hawa-hawa da ulu a cikin babbar tukunyar ƙarfe su tafasa, ulun ya fito da launi tsakanin ja da ruwan ƙasa, kuma saboda ana rina ulun kafin a kaɗa shi, ana gauraya launuka da dama a zare ɗaya, har wanda ya kawo yadin kusa da idonsa zai ga ɗigon kore da shuɗi da ruwan goro a cikin abin da daga nesa yake kama da ruwan ƙasa zalla. Wata dokar majalisar Birtaniya ta 1993 ta tanadi cewa ba a kiran yadi Harris Tweed sai idan mazauna Harris da tsibiran da ke kusa da shi ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu. Gabrielle Chanel ce ta ɗauko wannan yadi na maza a shekarun 1920, lokacin da take ziyartar Sikotland tare da basarake Duke na Westminster, ta mayar da shi kwat da siket na mata masu saki da walwala, sannan ta sake farfaɗo da shi bayan ta koma sana'a a 1954. Doguwar kwat ta ruwan sama ma daga Birtaniya take, domin Thomas Burberry ya ƙirƙiro yadin gabadin mai tare ruwa a 1879, hafsoshin Birtaniya suka sa shi a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin mata su gaje shi. Ƙa'idar da har yau ake maimaita wa mata game da shigar kaka, wato a sa riga mara nauyi, a ɗora suwaita, a ɗora kwat da gyalen wuya, ta yadda za a iya cire ɗaya idan rana ta buɗe a mayar idan iska ta taso, ta samo asali ne daga yanayin da ke sauyawa sau da dama a yini guda.

Launi kansa ya shiga hannun tsari. Bayan William Henry Perkin, yana ɗan shekara 18, ya gano rinin shunayya daga kwaltar kwal a 1856, kamfanonin Jamus suka mamaye harkar rini, masu rinin Faransa kuma suka riƙa fitar da katunan launi da masaƙun duniya ke bi. Da yaƙin 1914 ya yanke wa Amurka waɗannan hanyoyi biyu, masu masaƙu da masu huluna suka kafa wata ƙungiya a New York a 1915 don fitar da katin launi sau biyu a shekara, saboda mai takalma da mai jaka da mai yadi su yi aiki da ja iri ɗaya. Baje kolin yadi na Première Vision, wanda masaƙan Lyon suka fara a 1973, ya ci gaba da wannan aiki, kuma a yau kwamitocin hasashe sukan tsayar da launukan zango kusan shekara biyu kafin tufar ta isa kanti. Saboda haka idan aka wayi gari duk kantuna sun cika da ruwan hanta ko kore mai duhu, ba dacewa ba ce, shawara ce da aka yanke tun kafin a kaɗa zaren.

Mujallu suka ɗauki nauyin shelar. Vogue, wadda aka kafa a New York a 1892 kuma Condé Nast ya saya a 1909, ta mayar da fitowarta ta Satumba mafi girma a shekara saboda yawan tallan kayan kaka, har ta kai shafi 840 a 2007 da 916 a 2012. Mamayar da Jamus ta yi wa Paris a 1940 ta ba Amurkawa dama, inda Eleanor Lambert ta shirya makon nuni ga 'yan jarida a New York a 1943, wanda shi ne tushen makon ado na yau. Paris ta ƙwato matsayinta ranar 12 ga Fabrairu 1947, lokacin da Christian Dior, da jarin attajirin auduga Marcel Boussac, ya nuna riguna masu matse ƙugu da siket mai cin yadi da yawa, alhali a Birtaniya har lokacin ana rabon tufafi da kati. Dior ya riƙa sauya fasalin jikin riga kusan kowane wata shida, yana laƙaba masa haruffa, H a kakar 1954, A a farkon 1955, Y a kakar wannan shekarar, har tsawon siket ya zama labarin shafin farko. Magajinsa Yves Saint Laurent ya saka wa mata kwat da wandon walima irin na maza a nunin kaka na 1966. Daga baya Milan da Landan suka shiga sahu, aka samu jerin birane huɗu da ke nuna ɗinkakkun kayan kaka na kanti, ba ɗinkin alfarma ba, a Fabrairu da Maris.

Kwalliyar fuska ta makara kafin ta shiga wannan kalanda, domin a zamanin Victoria shafa launi a fuska abin kunya ne ga matar da ke son a ga mutuncinta, an bar wa 'yan wasan dandali. Abubuwa da dama suka taru suka karya wannan ƙyama: Elizabeth Arden ta buɗe shagonta a New York a 1910, Helena Rubinstein ta biyo ta a 1915, a wannan shekarar aka fara sa jan baki a bututun ƙarfe, a 1923 kuma aka yi rajistar bututun da ake murɗawa, wanda ya sa mace ke iya jefa shi a jaka ta gyara leɓenta a ko'ina. Silima ta taimaka ƙwarai, kuma da yake fim ɗin wancan lokaci yana nuna ja kamar baƙi, 'yan kallo suka saba da ganin taurari da duhun leɓe. Gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922 ya sa matan Turai suka rungumi zizara baƙi a ido, abin da Misirawa da Larabawa da Hausawa suka daɗe suna yi da kwalli. Duk da haka ɗan kasuwa yana da matsala guda, wato jan baki ɗaya yana kai mace watanni, kuma idan ta samu launin da ya karɓe ta ba ta da dalilin sauyawa.

Charles Revson ne ya warware wannan matsala. Shi da ɗan'uwansa Joseph da wani masanin sinadarai, Charles Lachman, sun kafa kamfanin Revlon a 1932, cikin tsananin karayar tattalin arziki, da jan farce mai rufe farce ruf, saɓanin na da wanda ake hango farcen ta cikinsa. Wajen 1940 suka ƙara jan baki, suka koya wa mata cewa ya kamata leɓe da farce su zama launi ɗaya, wanda ke nufin sayen abu biyu maimakon ɗaya. Daga tsakiyar shekarun 1940 Revson ya ɗauko tsarin gidajen ɗinki kacokan, ya riƙa fitar da sabon launi sau biyu a shekara, kowanne da sunansa da gagarumin tallansa, kantuna suna ƙawata tagoginsu da shi. Mafi shahara shi ne Fire and Ice na kakar 1952, wanda Richard Avedon ya ɗauki hoton Dorian Leigh dominsa cikin riga mai walƙiyar azurfa da jan mayafi, aka kuma buga wa masu karatu jerin tambayoyi a shafin da ke kallon hoton don kowace ta gwada ko launin ya dace da halinta. Abin da ake sayarwa ya tashi daga kakin zuma da mai da garin launi, ya koma irin matar da mai saye ke fatan zama. Daga wannan zamani aka gaji ɗabi'ar danganta kaka da ja mai duhu da ruwan hanta da makuba, wadda jan farcen Chanel mai suna Rouge Noir, ja mai kusan zama baƙi, ya sake ƙarfafawa bayan fitowarsa a nunin kayan kaka na 1994. Shawarwarin da ke rakiyar waɗannan launuka ba su sauya sosai ba: a zagaye leɓe da fensir don kada launi mai duhu ya malala, a sassauta kwalliyar ido idan leɓe ya yi nauyi, a kuma shafa mai kafin hoda saboda iskar sanyi da na'urar ɗumama ɗaki suna busar da fata.

Wannan kasuwa ta daɗe tana magana da farar mace kaɗai. Littafin Carole Jackson na 1980, Color Me Beautiful, wanda ya kasa mata gida huɗu bisa zangunan shekara ya kuma ware wa 'yan rukunin kaka launin tsatsa da na zaitun, an gina shi ne galibi a kan bambancin gashi da ido na Turawa. Eunice Johnson, mai shirya nunin tufafi na mujallar Ebony, ta lura cewa baƙaƙen mata masu nuni suna gauraya hoda iri-iri kafin su samu wadda ta dace da fatarsu, don haka ta kafa kamfanin kayan kwalliya na Fashion Fair a 1973. Cewa har a Satumbar 2017 fitowar kayan kwalliyar Fenty Beauty da launin fata 40 ta zama abin mamaki a kasuwa, shaida ce ta yadda aka yi sakaci da wannan haƙƙi na tsawon lokaci.

A ƙarshen ƙarni na 20 kalandar ta fara cin kanta. Kamfanoni irin su Zara, wanda Amancio Ortega ya buɗe shagonsa na farko a arewacin Sifaniya a 1975, sun koyi kwaikwayon salo su kai shi kanti cikin 'yan makonni, zanguna biyu suka zama sababbin kaya kusan kowane mako, ɗinkin kuma ya koma ƙasashen da lada ke da arha. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza da ke kusa da Dhaka a Bangaladash ya rufta a kan ma'aikatan ɗinki, mutum 1,134 suka mutu, mafi yawansu mata, bayan an ga tsagewa a bangon tun jajibiri aka kuma tilasta musu komawa aiki. A ɗaya bakin sarƙar, abin da ya daina yayi a Turai da Amurka ana matse shi a dila a turo Afirka, kuma a nan ne wannan tarihi ya taɓo ƙasar Hausa kai tsaye. Ado a Kano ko Zinder yana bin Sallah ƙarama da babba da bukukuwan aure da ankonsu, lissafin da ke bin wata ba yanayi ba, amma idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, 'yan gwanjo a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai sukan yanke igiyar dila, a zube suwaita da kwat da hulunan ulu, masu sari su yi rububin tsintar na farko-farko, waɗanda wasunsu ko takardar farashin kantin Turai ba a cire ba. A kasuwar Kantamanto ta Accra kuwa, kaso mai yawa na abin da ke isowa ba ya sayuwa, yana ƙarewa a juji da bakin teku.

Masu sana'ar su ma sun fara kokawa. A 2018 rahoton shekara na Burberry ya nuna cewa kamfanin ya lalata kayan da ba a sayar ba na fam miliyan 28.6, abin da ya jawo suka har ya sanar da daina yin haka, kuma Faransa ta kafa doka a 2020 da ta haramta lalata irin waɗannan kaya, wadda ta fara aiki a kan tufafi a 2022. A watan Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe kantuna, mai zanen tufafi ɗan Beljiyam Dries Van Noten ya jagoranci wata buɗaɗɗiyar wasiƙa da takwarorinsa da masu kantuna suka sa wa hannu, suna neman a daina kai kwat kanti cikin tsakiyar zafi ana karya farashinsa kafin sanyi ya kankama, a mayar da sayar da kayan kaka da hunturu tsakanin Agusta da Janairu, a kuma rage yawan abin da ake ɗinkawa. Wasu gidaje sun rage nune-nunensu na ɗan lokaci, amma da annobar ta lafa, makonnin ado na New York da Landan da Milan da Paris sun koma kan jadawalinsu na Fabrairu da Satumba.